GUZURIN YARON DA AKA YAYE

Jawabi ga Hakimai da Malamansu na yammacin ƙasar Katsina, game da ɗaukar wa yara madara in za a yi tafiya.

  

Na san wani zai ce a ransa, me ya haɗa majalisar Hakimi da ƙoƙon madarar yaro? Ai wannan zancen cikin gida ne, na mata da kakanni. To, ina neman gafara, ni yaro ne a gabanku, ban kuwa zo don in koya wa iyayena reno ba. Abin da ya kawo ni shi ne, duk Malamin da ya taɓa riƙe littafin haihuwa da mutuwa ya san yawan yaran da mu ke rasawa tsakanin shekara ɗaya da uku, watau daidai lokacin da aka raba su da mama. Da yawa cikinsu zawo ne ya ke fara kayar da su. Zawon nan kuwa sau da yawa a hannun masoya ya ke shiga, cikin abin da aka ɗauko wa yaro don tausayi. Maganar da ta fito daga bakin Hakimi ta kan shiga gidan da ma'aikacin lafiya ba ya isa, shi ya sa na kawo ta nan.

RANAR YAYE RANAR TAFIYA CE

A al'adarmu, ranar da aka yaye yaro ita ce ranar da ya kan fara tafiya ba tare da uwarsa ba. A kan ɗauke shi a kai shi wurin kakarsa ko gwaggonsa a wani ƙauye, ya yi kwanaki har ya manta da mama. Jiya abincinsa yana jikin uwarsa, ba ya tsami, ƙuda ba ya sauka a kansa. Yau kuwa yana cikin kwano ko gora ko kwalba, yana shan rana. Daga ran nan, duk inda uwa za ta, ko biki, ko suna, ko ta'aziyya, ko asibiti, ko gona, sai ta yi tunanin abin da zai sha a hanya.

Haɗarin wannan lokaci sananne ne tun da daɗewa. A shekarar 1933 wata likita haifaffiyar Jamaika, Cicely Williams, wadda ta yi aiki a ƙasar Gwalkwas, watau Gana ta yau, ta bayyana wata cuta da ke kumbura ƙafafun yara, ta sauya launin gashinsu, ta ɗaye musu fata. A 1935 ta rubuta sunan da mutanen Ga na Ankara ke kiranta da shi, kwashiyoko, wanda ma'anarsa ciwon yaron da aka ture saboda zuwan ƙaninsa. Wannan wani reshe ne na abin da mu ke kira tamowa. Likitar ta ga madara tana taimakon irin yaran nan ƙwarai. Saboda haka ba wanda ya zo ya hana ba yayayyen yaro madara. Zancenmu a kan yadda za ta isa cikinsa lafiya ne.

Addininmu ya ambaci shekara biyu cikakku ga mai son cika shayarwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ita ma abin da ta ke shawarta ke nan: mama zalla har wata 6, sa'an nan a haɗa da abinci, a ci gaba da shayarwa har shekara 2 ko fiye. Yaron da bai kai yaye ba, guzurinsa yana tare da uwarsa. Wasu su kan ce in mace ta sha tafiya cikin rana, ko ta wuni ba ta shayar ba, nononta ya lalace. Likitoci sun tabbatar nono ba ya lalacewa a jikin uwa. Ta sha ruwa, ta zauna, ta ba shi.

ABIN DA KE SAMUN MADARA A HANYA

Bari mu ɗauki misali. A ce wata mata a Yasore za ta kai ɗanta asibiti a birnin Katsina. Ta tashi da asuba, ƙarfe 6 ta dama masa madara ta ɗura a kwalba. Ta sami babur ya kawo ta Batsari. A tasha ta zauna jiran mota ta cika. Ta isa birni da hantsi, ta shiga layi. Ƙarfe 1 na rana yaro ya yi kuka, ta ciro kwalbar daga jaka ta ba shi. Madarar nan ta yi awa 7 a jiƙe, a jikin mutum, cikin zafi.

Akwai ƙwayoyin cuta waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita. Suna kan hannu, da bakin kwalba, da cikin ruwan da ba a tafasa ba. Madara kuwa ba abincin da su ke so kamarta. Sanyi mai tsanani, ƙasa da digiri 5 a ma'aunin zafi, ya kan hana su yaɗuwa, zafi mai tsanani kuma, sama da digiri 60, haka nan. Tsakanin nan su ke hayayyafa, sun fi kuwa jin daɗin ɗumi irin na jikin mutum. In sun sami yadda su ke so, waɗansunsu kowace ɗaya ta kan rabu biyu cikin minti 20.

Malamai, ku ɗauki alƙalami ku lissafa da kanku. Ɗaya tak, cikin awa 1 ta zama 8. Cikin awa 2 ta zama 64. Cikin awa 4 ta zama 4,096. Cikin awa 7 ɗin matar nan ta wuce miliyan 2. A watannin Maris, Afrilu da Mayu kuwa, kun san zafin ƙasarmu ya kan kai digiri 40 da rana.

Saboda wannan ne masana suka sa iyaka. Madarar da aka dama ko aka tafasa, kada ta wuce awa 2 a ajiye ba sanyi. Hukumomin kula da abinci na Amurka sun ƙara da cewa in zafin gari ya wuce digiri 32, awa 1 ce iyakarta. A ƙasarmu, da bazara, wannan ita ce dokar kusan kowace rana. Kada kuma a dogara ga hanci ko harshe. Madara tana iya cika da ƙwayoyin cuta alhali ba ta guntse ba, ba ta yi wari ba. Kunu ma in ya huce ya zauna a jug ko kwano, hukuncinsa ɗaya da madara.

KWALBAR SHAYARWA

A garuruwa, har ma da ƙauyuka, akwai yaran da aka saba musu da kwalba mai kan roba, wadda mata ke kira fida. In an raba yaro da ita a gida, sai a ga uwa ta sake ɗauko ta ranar tafiya, don ba ta zubewa, kuma tana sa yaro shiru a mota. Nan ne bango ya ke tsagewa ƙadangare ya sami wurin shiga. Wuyan kwalbar ƙunci gare shi, kan robar kuma yana da lungun da yatsa ba ya kaiwa. Wankinta na gaskiya sai da burushi da tafasawa, wa zai sami wannan a tasha? Yaro ya tsotsa, ya yar a ƙasa, a goge da gefen zane a mayar masa.

Tun a 1939 likitar nan Cicely Williams ta yi jawabi mai zafi a Singafo a kan yaran da ke mutuwa saboda an maye musu nonon uwa da madarar gwangwani. A 1981 taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya kafa ƙa'idar da ta taƙaita tallar madarar jarirai da kwalabe da kawunan roba. Abin da ma'aikatan lafiya ke so a yi amfani da shi shi ne buɗaɗɗen kofi. Ana ganin cikinsa, ana wanke shi da sabulu nan take. Yaron da ya shekara yana iya sha da kofi in an riƙe masa.

MADARAR SHANU, DA NONO, DA KINDIRMO

Ƙasar nan ta gefen dajin Rugu ƙasar kiwo ce tun kaka da kakanni, madarar shanu kuwa abinci ne mai kyau ga yaron da ya shekara. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa yaro ɗan wata 12 zuwa 23 madarar dabba ta ishe shi, ba ya bukatar madarar gwangwani mai tsada da a ke tallatawa da sunan ta masu tasowa. Sharaɗi ɗaya ne: a tafasa.

Dalili kuwa, akwai cututtukan da ke fitowa daga jikin dabbar kanta. Ɗaya ita ce wadda makiyaya ke kira bakkale, mai sa saniya ɓari da kumburin gwiwa. In ta kama mutum ta kan zo da zazzaɓi mai tafiya yana dawowa, da gumin dare, da ciwon gaɓoɓi, har a yi ta shan maganin zazzaɓin cizon sauro a banza. Wani likitan sojan Ingila, David Bruce, shi ya gano ƙwayar cutar a tsibirin Malta a 1887. A 1905 wani likita ɗan tsibirin, Zammit, ya gano ta hanyar madarar awaki ta ke shiga mutane. Da aka hana sojoji shan ɗanyar madarar awaki a 1906, sai zazzaɓin ya ragu ƙwarai a barikinsu. Ta biyu ita ce tarin fuka na shanu, wanda shi ma ya kan bi ɗanyar madara. Tafasawa tana kashe su duka biyu.

Tsamin nono yana rage yaɗuwar ƙwayoyin cuta, shi ya sa nono ya fi ɗanyar madara jure hanya. Amma tsami ba ya kashe su duka. Kindirmon da aka tafasa madararsa kafin a zuba masa iri ya fi aminci, ga shi kuma da mansa, wanda yaro ke bukata. Nonon da aka kaɗe aka cire mai ba ya riƙe cikin yaro haka. Abin tsoro a nonon kasuwa shi ne ruwan da a ke ƙarawa, da ludayin da kowa ya sha da shi, da ƙuda. Uwar da za ta saya wa ɗanta, ta nemi mai kindirmon da ta sani, wadda ƙwaryarta ke rufe da faifai, ta karɓa a kofinta, kada a ƙara ruwa.

GUZURIN DA YA DACE

Ga taƙaitaccen abin da mu ke so ya shiga kowane gida: madara ta yi tafiya a bushe, a jiƙa ta sa'ad da yaro zai sha.

In tafiyar gajera ce, kamar gidan suna a maƙwabcin ƙauye, ba a bukatar ɗaukar madara ko kaɗan. A ba yaro ya sha kafin a fita, ya sha in an dawo. Yaron da aka yaye ba jariri ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yaron da ba ya shan mama, in yana samun ƙwai ko nama ko kifi, madara mililita 200 zuwa 400 a yini ta ishe shi. In ba ya samu, 300 zuwa 500. Don a gane, ledar ruwan sha da a ke sayarwa a tasha mililita 500 ce. Yaron da aka cika wa ciki da madara fiye da haka ya kan ƙi tuwo, madara kuwa ba ta da sinadarin ƙarfe mai yawa, sai ƙarancin jini ya biyo baya. A hanya abin da ya fi bukata shi ne tafasasshen ruwa da ɗan abin taunawa, kamar ayaba, ko dafaffen dankali, ko dafaffen ƙwai da ba a ɓare ba. Kada a ba shi gyaɗa ƙwaya-ƙwaya, tana iya shaƙe shi.

In tafiyar wuni ce ko ta kwana, uwa ta ɗauki abu 5: madarar gari a rufaffiyar leda ko gwangwani, da tafasasshen ruwa a fulas, da kofi, da cokali, da guntun sabulu. Sa'ad da yaro ya nema, ta wanke hannu, ta dama daidai abin da zai shanye bisa ga awon da aka rubuta a jikin ledar, ta bari ya huce, ta ɗiga a bayan hannunta ta ji, ta ba shi. Abin da ya rage, babba ya shanye nan take ko a zubar. Kada a rufe a ce sai an jima. Kada kuma a tsinka ta da ruwa don ta yi auki. Ruwa ne zai zauna a fulas, don madarar da ta wuni a ciki tana hucewa ta koma ɗumin nan da ƙwayoyin cuta ke so.

Ƙananan ledojin madara na sha ɗaya sun dace da tafiya, don ba a buɗe su sai lokacin bukata. Mai saye ya duba lambar NAFDAC da ranar da za ta daina aiki, ya kuma tabbata madara ce, don akwai farin garin da a ke zuba wa shayi wanda ba ya gina jiki. Madarar ruwa ta gwangwani ko ta kwali tana nan lafiya muddin ba a huda ta ba. Da an huda, ta zama kamar wadda aka tatso yanzu. Mai kaurin nan mai zaƙi kuwa kusan rabinta sukari ne, ba abincin yaro ba ce. Wanda ba shi da kuɗin madara, garin kunu na soyayyen gero da gyaɗa da waken suya yana tafiya a bushe haka nan, a dama shi da ruwan fulas.

Wani zai tambaya, in an naɗe gora da jiƙaƙƙen tsumma fa? Yana rage zafi, kamar yadda randa ke sanyaya ruwa. Wani malami a Jihar Jigawa, Mohammed Bah Abba, ya yaɗa dabarar sa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, har ya sami kyautar Rolex a shekarar 2000. Tana da amfani ga tumatir da ganye, musamman da rani. Amma sanyinta bai kai na firji ba, saboda haka ba ta ɗage dokar awa 2. Wanda ya sami ƙanƙara da kula, madararsa tana da aminci muddin ƙanƙarar ba ta narke ba.

TAFIYAR DA BA A SHIRYA BA

Ranku ya daɗe, kun fi ni sanin cewa ba kowace tafiya ce ta biki ba. A 2019 da 2020 hare-haren 'yan bindiga sun tayar da ƙauyuka da dama a ƙasashen Batsari da Safana, mata suka kwana a daji da goyo, waɗansu suka fake a garin Batsari, waɗansu a birnin Katsina. Gidan da aka kore wa shanu kuwa ya rasa nonon da ya saba ba yaransa. A 2021 ƙungiyar likitoci ta MSF ta fara jinyar yara masu tamowa a Katsina saboda yawansu. Zawo da tamowa kuwa 'yan gida ɗaya ne, kowanne yana buɗe wa ɗan'uwansa ƙofa.

Saboda haka muna ba da shawara biyu. Ta farko, kada a yi gaggawar yaye yaro a lokacin da gari ba kwanciyar hankali, ko yana ciwo, ko ana tsakiyar bazara. Ta biyu, kowace uwa mai yayayyen yaro ta ɗaure ɗan ƙunshi ta ajiye inda hannu zai kai cikin duhu: kofi, cokali, sabulu, ledar madara 2 ko 3, garin kunu, da ledar gishiri da sukari ta asibiti.

IN ZAWO YA KAMA YARO

Abin da ke kashe yaro a zawo shi ne ƙarewar ruwan jiki. A narka ledar gishiri da sukari, wadda a ke kira ORS, cikin tsabtataccen ruwa daidai awon da aka rubuta a jikinta, a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan da cokali bayan kowane zawo. A haɗa da ƙwayar zinki kwana 10 zuwa 14. Kada a hana shi abinci, in kuma yana shan mama a ƙara masa. In idanunsa sun faɗa, ko ya kasa sha, ko yana amayar da komai, ko an ga jini a bayan gidansa, ko ya yi laushi ba ya kula kowa, a kai shi asibiti a wannan sa'a, kada a jira gari ya waye.

ABIN DA MU KE ROƘO

Muna roƙon Hakimai su umurci Dagatai da masu unguwanni su tara magidanta su karanta musu wannan takarda, don mai gida shi ke sayen fulas da sabulu, shi ke kuma ba da izinin zuwa asibiti. A roƙi limamai su ambata bayan salla. A kira ungozomomi da tsofaffin mata, don a hannun kaka yaye ya ke, in ba ta yarda ba maganar ba ta shiga ɗaki. A zauna da Arɗo-Arɗo a kan tafasa madara, da kai rahoton saniyar da ta yi ɓari ga malamin dabbobi. Sarkin kasuwa da duba-gari su lura da rumfar masu nono, a rufe ƙore, a sami ruwa mai tsabta kusa. Ran kasuwa mai shela ya zaga da magana uku: a tafasa, a ɗauka a bushe, a ba yaro da kofi.

Ku kuma Malamai, in an kawo muku labarin rasuwar yaro, ku rubuta watanninsa, da ko an yaye shi, da ko ya yi zawo, da ko an yi tafiya da shi a makon. In kun tara wannan na shekara guda, Hakimi zai ga ƙauyen da ya fi bukatar a aika masa ma'aikacin lafiya, da watan da ya kamata a aika.

 Allah ya ja zamanin Sarki, ya ƙara wa Hakimai lafiya, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya raya mana zuriya. Amin.